Sunan Juwairiyya

MODIBBO: Halo? Salamu alaikum. Halo?

A'I: Wa alaikumus salam. Yaya Modibbo, ina wuni?

MODIBBO: Lafiya lau. A'i ce?

A'I: Ni ce, Yaya.

MODIBBO: Na ji muryar kamar ta Hafiza. Ya ƙarin haƙuri?

A'I: Haƙuri da godiya.

MODIBBO: Allah ya jiƙan rai. Ya jama'a? Har yanzu ana shigowa gaisuwa?

A'I: Ana shigowa. Wasu gaisuwa ke kawo su, wasu kallo.

MODIBBO: To. Ya gidan?

A'I: Gida babu yayar Hafiza. Ɗakinta a buɗe, takalminta na bakin ƙofa, ba mai sawa. Sauran lafiya lau.

MODIBBO: Sai haƙuri, A'i. Duk mai rai mamaci ne.

A'I: Haka ne. Ya su Hajiya? Ya ƙafar taka?

MODIBBO: Kasuwa? Kasuwa sai godiya, ina Muda Lawal ɗin ma yanzu.

A'I: Ƙafa na ce. Ƙafar da ke ciwo.

MODIBBO: Au, ƙafa! Da sauƙi. Sabis ɗin nan ne, bari in shige cikin shago. Kai! Ba nan za a jibge buhunan ba, can ciki! Yauwa. Kina jina?

A'I: Ina jinka.

MODIBBO: Wace hayaniya ce nake ji a wajenki kamar gidan biki?

A'I: Su Azumi maƙwabciyata ne a tsakar gida, shinkafa suke wankewa za a kai niƙa.

MODIBBO: Masa? Har kin koma sana'a tun ba a share makoki ba?

A'I: Ba ta sayarwa ba ce. Ta sadaka ce. Gobe bakwai, ko ka manta?

MODIBBO: Ban manta ba. Dalilin kiran ke nan ma. Ja'afaru bai kawo miki saƙona ba?

A'I: Ɗanka ya zo. Ya tsaya a zaure yana sosa ƙeya, ya faɗi abin da ka aiko shi, ya fita bai ko sha ruwa ba.

MODIBBO: To kin ji ke nan. Mun zauna da 'yan'uwa, mun yanke. Ba za a yi taro a gidanki na Ƙofar Wambai ba. Gobe bayan sallar asuba za a haɗu a gidana na unguwar Ɗan Iya, mu ya mu, a yi addu'a ga mamatan zuri'a baki ɗaya. Inna, da ƙanina Salihu mijinki, da kowa da kowa. Ita ma tana ciki.

A'I: Tana ciki.

MODIBBO: Tana ciki mana.

A'I: Za a kira sunanta?

MODIBBO: Allah ai ya san bayinsa, A'i. Ba sai an…

A'I: Yaya, tambaya na yi. Za a kira sunanta?

MODIBBO: Ba za a kira ba. Kin fi kowa sanin dalili. Sunan mahaifiyata ne a kan yarinyar nan, ni na raɗa mata shi da bakina. Yau sunan nan yana yawo a wayar kowane ɗan iska a garin Bauchi, a ƙarƙashin hoton da ko kare ba zai… A'uzubillahi. Ba zan zauna a kan tabarma Liman ya ɗaga murya ya ambaci sunan Inna, matasa suna taɓa juna suna murmushi ba.

A'I: To ni na riga na aro tabarmi. Na gidan Azumi, da na masallacin mata. Gobe da hantsi za a shimfiɗa su a ƙofar gidan nan har bakin kwata.

MODIBBO: Me kika ce? Layin ya…

A'I: Layin lafiyarsa ƙalau. Ka ji ni.

MODIBBO: A'i, da ni kike magana?

A'I: Da kai nake, Yaya, da girmanka da komai.

MODIBBO: Ikon Allah! To bari in tuna miki, sadakar bakwai ɗin nan ba farilla ba ce. Malamai da yawa ma cewa suke…

A'I: Da Salihu ya rasu sa ka yanka. Titi aka tare. A lasifika aka kira sunansa har mutanen Wunti suka ji. Ranar malaman suna ina?

MODIBBO: Salihu da mutuncinsa ya tafi!

A'I: Ita kuma da nata aka kwashe aka raba wa gari kamar goro.

MODIBBO: Wa ya kwashe? Ita ta tuɓe, ita ta ɗauki kanta a waya, ita ta tura wa namijin da ba a ɗaura musu aure ba. Shekara ashirin da huɗu, malamar makaranta, mai koya wa 'ya'yan mutane! Yarinya ce ƙarama da za a ce an yaudare ta?

A'I: Ban ce ba ta yi laifi ba. Ta yi. Da tana da rai yau da na faɗa mata, da na haɗa da mari. Ashiru saurayin nata ya ce mata ai an kai gaisuwar iyaye, saura sa rana, wai ta nuna masa abin da zai aura, yana gani zai goge. Ta yarda. Daga hoto aka koma haɗuwa a ɗakin abokinsa. Wautarta ce, kuma ta biya da ranta. Amma mutum ɗaya ta tura wa, Yaya. Ɗaya.

MODIBBO: Shi ma Allah zai tambaye shi.

A'I: Allah zai tambaye shi, kai kuwa ka ba shi hannu. An ce min a sahun gaba ya tsaya ranar jana'iza, da farar shadda, har da ɗaukar makara. Ubansa Alhaji Abdulsalami ya zauna kusa da kai kuna karɓar gaisuwa tare.

MODIBBO: In kore su daga jana'iza? Mutumin nan maƙwabcina ne a kasuwa tun kafin a haife su. Ya zo har gida ya ba da haƙuri, ya ce yaro ne, sharrin shaiɗan ne. Har buhun shinkafa ya aiko miki na sadaka.

A'I: Ya iso. Na sa an ɗora shi a keke an mayar, na ce a ajiye a ƙofar shagon wayar ɗan nasa, a ce in ji uwar wadda ya kashe.

MODIBBO: Innalillahi! Ke kika yi haka? Shi ya sa mutumin nan ya wuce ni ɗazu ko kallo?

A'I: Ashe ya iya kunya. Shi ɗansa yaro ne, tawa kuma babba ce. Ya girme ta da shekara biyar fa. Da ta gaya masa tana da ciki, ta ce ko ya turo a ɗaura ko ta je wajen ubansa, sai ya watsa hotunan a guruf ɗin abokansa don ya riga ta. Don in ta yi magana a ce ai 'yar iska ce, wa ya san na waye. Yau yana shagonsa yana saka wa mutane waƙa a waya.

MODIBBO: Duk wannan na sani. Shi ya sa nake cewa a rufe. Musulunci ya ce a suturta mamaci, A'i. Sutura nake nema mata.

A'I: Sutura.

MODIBBO: Sutura mana.

A'I: Yaya, wa ya saka hotunan a guruf ɗin Zuri'ar Malam Babba?

MODIBBO: Halo?

A'I: Kar ka yi min halo. Wa ya saka?

MODIBBO: Wannan… kin san yadda aka yi. Ja'afaru ne aka turo masa, ya kawo min hankali a tashe. Ni kuma na ce manya su gani a ɗau mataki. Su Bappa Jalo na nufa, mu dattawa. Na san guruf ɗin nan har da yara da surukai da na Legas? Ni wayar nan danna ta kawai nake.

A'I: Guruf ɗin da ake sa sanarwar suna da ɗaurin aure. Kullum da asuba kai kake tura mana addu'ar safiya a ciki, ka ce ba ka san su waye a ciki ba?

MODIBBO: Kuskure ne! Na ce Ja'afaru ya goge, ya ce lokaci ya wuce.

A'I: Har da rubutu ka yi a ƙasa. Hafiza ta karanta min. "Innalillahi, ku ga abin da tarbiyyar mace ke haifarwa, Allah ya shirya mana zuri'a." Mutane suna ta amin, amin, suna turawa gaba. Kowa da bisimillarsa ya tura. Kafin ka taɓa, a hannun 'yan iska yake, Yaya. Kai ka kai shi hannun mutanen kirki.

MODIBBO: A'i, ki iya bakinki.

A'I: Ni ban kalla ba har yau. Na rantse ban kalla ba. Kai sau nawa ka kalla kafin ka tabbatar ita ce?

MODIBBO: Ki ji tsoron Allah! 'Yata ce fa!

A'I: Yau ta zama 'yarka? To kira sunanta in ji.

MODIBBO: Ba zan biye miki ba. Zafin rashi ne ke sa ki wannan maganar, na yafe miki.

A'I: Riƙe yafiyarka tukuna, ban gama ba. Ka tuna ranar da ka zo gidan nan ka tsaya a zaure da sandarka? Ka ce kada wanda ya yi mata magana. Kada a ci abinci da ita, kada a amsa gaisuwarta, har sai ta san abin da ta yi.

MODIBBO: Horo ne. Haka aka yi mana, haka iyayenmu…

A'I: Na bi. Wallahi na bi, don wan mijina ne ya faɗa. Makaranta sun sallame ta, ƙawaye sun toshe lambarta, ta dawo gida, gida ma aka rufe mata baki. In tura mata kwano bakin ƙofa da ƙafa kamar mai kuturta. Ban san da ciki ba a lokacin. Wa za ta gaya wa? Ta saci jiki ta je wajen wani mai kemis, ya ba ta abin da ya ba ta don cikin ya zube. Ina jin nishinta ta bango, na ce kukan nadama ne, bari ta yi, Yaya ya ce a bar ta.

MODIBBO: Ya isa, A'i.

A'I: Bai isa ba. Hafiza ce ta karya dokarka, Allah ya yi mata albarka. Ta tura ƙofa ta kurma ihu. Katifar nan, Yaya… har yau tana bayan gida, na rasa mai ɗauka. Ni na ƙi a ƙone.

MODIBBO: Kwananta ne ya ƙare. Ko an yi mata magana ko ba a yi ba, ba za ta wuce ranar ba.

A'I: Na yarda da ƙaddara, ba kai za ka koya min ba, na binne miji. Amma ƙaddara ba ta hana a ce wane ya yi kaza.

MODIBBO: To me kike so yanzu? Ki tara unguwa ki tona mana asiri?

A'I: Wane asirin ya rage? So nake a zauna a ƙofar gidan ubanta, a ci masa, a ɗaga hannu, a ce wance 'yar wane Allah ya jiƙanta, kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi. 'Yan matan unguwar nan su gani da idonsu cewa ko ka yi kuskure uwarka ba za ta jefar da kai ba. Ka san abin da Hafiza ta gaya min shekaranjiya?

MODIBBO: Hafiza kuma me ta…

A'I: Na zaunar da ita na cire kunya na tambaye ta. Ta ce Mama, a ƙawayena babu wadda saurayi bai taɓa ce wa ta turo ba. Wasu sun tura. Akwai wadda yanzu haka wani ke juya ta kamar waina a tanda, in ya kira dole ta je, in ba haka ba ya saki. Ba ta da wanda za ta gaya wa, don ta ga yadda muka yi da tamu.

MODIBBO: 'Ya'yan da ba su da tarbiyya ke nan.

A'I: Amatullah ɗinka tana da waya, ko ba ta da? Ban ce ta yi komai ba, Allah ya tsare ta. Amma ka taɓa zama ka tambaye ta? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta…

MODIBBO: Kar ki sa 'yata a wannan maganar!

A'I: Ka ji yadda ake ji ke nan.

MODIBBO: To saurara, tunda abin ya zama haka. Bikin Hafiza bayan Sallah ne, ni ne waliyyinta. Dangin yaron nan da ƙyar na lallashe su ba su janye ba. In kika shimfiɗa tabarmar nan gobe, kika sake tayar da maganar da ta fara kwanciya, ba ruwana. Ki nemi mai ba da ita.

A'I: Na san za ka faɗi haka. Na tambaye ta da safe.

MODIBBO: Kin tambayi wa? Yarinya?

A'I: Ita za a aura ai. Ta ce mijin da zai gudu don an yi wa yayarta addu'a, gara ya gudu tun kayansa ba su shigo ba. Waliyyi kuwa, Bappa Jalo ƙanin mahaifinku na nan da ransa. Shi kaɗai ne ya buga min waya ranar da ka tura hotunan ya ce abin da ka yi bai kyautu ba.

MODIBBO: Jalo ya faɗi haka?

A'I: Tambaye shi.

MODIBBO: To Liman dai ba zai zo ba. Na riga na yi magana da shi, ya ba ni girmana.

A'I: Ya aiko min. Wai tafiya ta kama shi zuwa Dass. Allah ya kiyaye hanya.

MODIBBO: To wa zai ja miki addu'ar? Masu keke?

A'I: In sun zo ina so. Mai keken da ya kai mu asibiti ko sisi bai karɓa ba, ya wanke kujerarsa da hannunsa, ya dawo jana'iza. Ya fi min wasu masu rawani. In ba a samu namiji ba ni zan tsaya daga cikin zaure in ja.

MODIBBO: Ke? Mace? Kai, A'i, har kin ba ni dariya a cikin baƙin ciki. Ke da tunda aka haifi yarinyar nan ba a taɓa jin sunanta a bakinki ba? 'Yar fari, ga sunan surukarki. Ko Ummi da muke ce mata ba kya iya faɗa, sai "ke", sai "yayar Hafiza". Har yabonki ake a dangi, ana cewa kunyar A'i ta fi ta Fulanin daji. Yau ke ce za ki tsaya gaban maza ki kira?

A'I: Haka ne. Ban taɓa ba.

MODIBBO: To kin gani. Ki bar wannan rigimar, ki kawo masar Ɗan Iya a raba.

A'I: Ban taɓa goya ta a gaban mutane ba. Ban taɓa zama na tsefe mata kai muna hira ba. Ranar da ta fara al'ada Azumi na tura ta gaya mata abin da za ta yi. Ana yabona ina jin daɗi. Ka san abin da ya faru a asibiti?

MODIBBO: A'i, mutane na jirana a shago…

A'I: Su jira. Suna neman jinin da za a ƙara mata, wata nas, Mary sunanta, ta kama hannuna ta ɗora a goshinta. Ta ce Mama, ki riƙa kiran sunanta da ƙarfi, kada ki bari ta lumshe ido, muryar uwa suke ji. Na buɗe baki, Yaya. Wallahi na buɗe. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. "Ke" kawai ke fita. Ke, ke, buɗe ido. Nas ɗin tana min tsawa, Mama sunanta, sunanta! Ita kuma tana kallona. Tana jira. Har ta gaji da jira.

MODIBBO: La haula wala ƙuwwata…

A'I: Kunya na yi mata tun tana tsumma, kunyar ce ta rufe mata baki, ita ce ta rufe min nawa. Yanzu ka ce in ƙara mata wata a kabari? Na ƙoshi.

MODIBBO: Ki saurare ni. Ban ce… ni ma ba barci nake ba, A'i, kar ki ɗauka dutse ne a ƙirjina. Amma sunan Inna…

A'I: Inna da hannunta ta yi mata wankan farko, ta ce takwarata ce, kowa ya taɓa ta ya taɓa ni. Da Inna na da rai da kai za ta fara tambaya.

MODIBBO: Ina kike tafiya? Na ji ƙarar ƙofa.

A'I: Tsakar gida na fito. Azumi, ku dakata da wankin nan. Hafiza, ajiye ƙwaryar, zo nan kusa da ni. Ku matso duka, Yaya Modibbo ne a waya.

MODIBBO: Ke! A sifika kika sa ni? A'i, cire ni!

A'I: Yanzu na sa. Kai ka koya mana abin da ya shiga waya ba na mutum ɗaya ba ne. Ba sai gobe ba, bari in gwada bakina tun yau, ka zama shaida.

MODIBBO: Kar ki yi abin da za ki…

A'I: Juwairiyya.

MODIBBO: A'i…

A'I: Juwairiyya! Juwairiyya 'yar Salihu, 'yata ta fari, wadda na haifa a ɗakin can. Kin ji, na kira. Na makara, amma na kira. Allah ka jiƙan Juwairiyya. Allah ka yafe mata abin da ta yi, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ka suturta ta da suturar da mu muka kasa. Wanda ya watsa ta, da wanda ya tura gaba, da mu da muka yi shiru, Allah ga mu nan, ka fi mu sani. Yaya, ka ce amin.

MODIBBO: Ni… katina ya kusa…

A'I: Amin ba ta cin kati. Gobe da hantsi, Ƙofar Wambai, tabarmarka na nan kusa da zaure in ka ga dama. Ka ce amin, Yaya. Yaya? Halo? Ya kashe. To ku da kuke jina, ku ce amin. Allah ka jiƙan Juwairiyya.

MATAN TSAKAR GIDA: Amin! Amin ya Allah!